Daga cikin pampas zuwa damtsen mai ciwon suga

In akwai jariri a gidanku ga wani ɗan gwaji da ba zai ci maka komai ba sai pampas guda ɗaya, sabo fa dan Allah. Yaga shi ta tsakiya ka zazzage audugar a leda ka girgiza sosai, zaka ga wani farin gari ya taru a ƙasan ledar. Ɗebi rabin cokalin shayi ka zuba a kofin gilas, ka ƙara ruwa zuwa rabin kofin. Kan ka ce kwabo ruwan ya kame ya zama wani abu mai santsi da sulɓi, har ka kifa kofin ba ya zuba. To yanzu ɗauko gishirin miya ka barbaɗa da ɗan yawa ka juya da cokali. A gaban idonka abun zai saki jiki ya koma tsululu, duk ruwan da ya riƙe ya sake shi. In ka gama ka zubar a shara ka wanke hannu, kar yara su kai baki.

Wannan garin sunansa sodiyam foliakirilet, kuma abinda ya zama da ya sha ruwa shi ake kira haidirojel. Dogayen zarurrukan sinadari ne da aka ƙulle su da juna nan da can, shi yasa ba sa narkewa a ruwa sai dai su sha su kumbura. A jikin zarurrukan akwai caji, kuma akwai ƙwayoyin sodiyam da ke maƙale a ciki ba su da hanyar fita, su ne ke janyo ruwa daga waje. Da ka zuba gishiri sai ruwan waje ma ya cika da irin waɗannan ƙwayoyin, bambancin ciki da waje ya ragu, jan ya mutu, jel ya motse. Dalilin kenan da yasa pampas baya ɗaukar fitsari kamar yadda yake ɗaukar ruwa zalla, saboda fitsari akwai gishiri a ciki.

Kaga kenan abun ya "ji" gishiri ya kuma amsa ta hanyar canza girmansa, ba batir ba waya ba komai. To in zai ji gishiri me zai hana a koya masa jin suga? Ko dalma a ruwan sha, ko wani sinadari da cuta ke fitarwa a jini? Wannan tambayar ce ta riƙe masana kimiyyar sinadarai shekara kusan hamsin, kuma ni abinda ya fi burge ni a labarin ba yadda aka sa jel ya amsa bane, wannan tuni aka wuce wurin. Wahalar ita ce hana shi amsa kiran kowa da kowa.

Bari in ɗan koma baya. Wanda ake dangantawa da shigo da haidirojel harkar lafiya wani masani ne a Farag, babban birnin tsohuwar Cekoslobakiya, Otto Wichterle, shi da abokin aikinsa Drahoslav Lím, sun wallafa aikinsu a mujallar Nature a 1960. Daga jel ɗinsu aka samu gilashin ido mai laushi wanda ake manna wa a ƙwayar ido, kuma labarin yana bani dariya kullum, wai na'urar farko da ya yi amfani da ita wajen ƙera su a Kirsimetin 1961 a gida ya harhaɗa ta da kayan wasan yara na ƙarfe da dainamon keken ɗansa. Amma nashi jel ɗin na zaman lafiya ne, ya sha ruwa ya zauna. Mai amsawa sai a 1978 ya fito fili, lokacin da Toyoichi Tanaka, ɗan Japan mai koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa in kana ƙara asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, kaɗan-kaɗan a ruwan da jel ɗin foliakirilamaid ke ciki, akwai wata gaɓa da zai motse gaba ɗaya a lokaci guda, ba sannu a hankali ba. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka yi ta samo masu jin zafi, masu jin tsami, masu jin haske. Wanda ya fi suna shi ne wani jel mai jin zafi da ake kira PNIPAM, wanda ƙasa da digiri 32 yake a kumbure, da ya haura haka sai ya tsuke ya amayar da ruwansa. Ka lura da wannan 32 ɗin, jikin mutum 37 ne, wato zafin jiki kaɗai ya isa ya tsuke shi, Kano kuwa a watan Afrilu kun san yadda take.

Me yasa suga ne kowa ya fi zuba ido a kai? Yawan masu ciwon. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Wanda ya sani kuma aikinsa kenan tsira yatsa. Akwai wata gwaggota da ke kan insulin, ranar nan na same ta da safe tana juya hannu tana neman yatsan da bai yi kanta ba, nace Gwaggo ai a gefen yatsa ake tsirawa ba a tsakiya ba, ta harare ni tace "kai ɗan nan, gefen ma ai ya ƙare, kuma tsinken awon nan yanzu sai na yi lissafi kafin in ɓare ɗaya." Matsalar kuma ba zafin kaɗai ba, awon yatsa abinda ke jini a wannan mintin kawai yake gaya maka. In ya nuna 110 baka san ko daga 200 yake gangarowa ba ko daga 70 yake hawa, kuma tsakar dare da mutum ke barci, lokacin da suga kan faɗi ƙasa da 70 ba tare da an sani ba, babu mai tashi ya auna. Masu azumi da ciwon suga sun fi kowa sanin wannan fargabar, musamman daga la'asar zuwa shan ruwa. Don haka ake son abu da zai zauna a jiki yana awo dare da rana.

Hanyoyin koya wa jel jin suga da aka fi bi guda uku ne, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko a cusa masa wani enzayim, wato sinadarin halitta mai juya wani abu ya koma wani, mai suna gulukos oksides, wanda ake samu daga wani nau'in fumfuna. Shi aikinsa ya kama gulukos, wato sugan jini, da iskar oksijin ya mayar da su asid da haidirojin feroksaid. In jel ɗin mai jin tsami ne sai asid ɗin ya sa shi kumbura. Wannan enzayim ɗin tsohon hannu ne, tun 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka kawo shawarar haɗa shi da na'urar lantarki, a 1967 kuma Updike da Hicks suka kulle shi cikin jel ɗin foliakirilamaid, kaga tun farkon fari da jel aka fara bayosensa, wato na'urar awo mai aiki da sinadarin halitta. Kyawunsa baya kula kowane suga sai gulukos. Aibinsa kuwa abu ne da ya fito daga halitta mai rai, yana gajiya, zafi na kashe shi, feroksaid ɗin da yake haifarwa da kansa yana lalata shi, sannan yana buƙatar oksijin wanda ƙarƙashin fata bai kai yawan suga ba ko kusa. Ta biyu wani furotin ne na wake da ake kira konkanabalin A, yana kama suga da kyau amma in ya zubo cikin jiki guba ne, shi yasa har yau bai yi nisa ba, ba sai na ɓata muku lokaci a kai ba.

Ta ukun ce nafi so, asid ɗin fenilboronik. Wannan ba daga wata halitta aka ciro shi ba, a lab ake haɗa shi, don haka baya mutuwa irin mutuwar enzayim. A cikin ruwa yana zama a kamanni biyu, ɗaya babu caji ɗaya mai caji, kuma suga ya fi manne wa mai cajin. Da suga ya ƙaru sai masu cajin su yawaita, jel ya ja ruwa ya kumbura, da suga ya ragu sai ya sake shi jel ya koma yadda yake, wato kamun ba na har abada bane, kuma wannan shi ne ainihin abinda ake so a na'urar da zata yi wata da watanni tana awo. Rukunin Kazunori Kataoka a Japan sun nuna a 1998 cewa irin wannan jel zai iya buɗewa ya saki insulin in suga ya hau ya kuma rufe in ya sauka. Ka ji daɗin magana ko? Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Na ɗaya, shi wannan asid ɗin in ba a taɓa shi ba sai a pH, wato ma'aunin tsami, wajen 9 yake aiki sosai, jini kuwa 7.4 ne, dole sai an yi masa kwaskwarima an liƙa masa wasu ƙwayoyin kamar fulorin. Na biyu wanda ya fi ban haushi, ya fi son furuktos, sugan 'ya'yan itace da zuma, a kan gulukos ɗin da ake nema, nesa ba kusa ba. Dabarar da aka samo tana da kyau gaskiya: gulukos na da wurin kamu biyu, don haka in ka ajiye boronik biyu a tazarar da ta dace sai su riƙe shi ta gefe biyu, furuktos kuwa bai dace da wannan tazarar ba. Seiji Shinkai da Tony James ne suka yi fice da wannan a tsakiyar shekarun 1990. A cikin jel kuma wannan riƙon biyun yana zama sabon ƙulli tsakanin zarurruka, sai ka ga jel ɗin maimakon ya kumbura tsukewa yake in gulukos ya ƙaru.

To ya kumbura ko ya tsuke, ta yaya za a karanta? Abu ne ɗan mitsitsi, ba da ma'aunin tela za a auna ba. Wasu sun kulle shi a ɗan akwati mai marfi siriri, in ya so kumbura ya danno marfin sai lantarki ya auna dannawar. Wasu a jami'ar kimiyya ta Toronhaim a Norwe sun ɗiga shi a bakin zaren gilas mai ɗaukar haske suna auna tsawonsa da hasken. Amma wanda ya fi ɗaukar ido na Sanford Asher ne na jami'ar Fitsbag, wanda shi da John Holtz suka fitar a Nature a 1997. Sun jera ƙananan ƙwallayen roba da ido baya gani a sahu-sahu daidai wa daida, suka daskarar da jel a kansu. Tazarar da ke tsakanin sahun ita ke zaɓar launin hasken da zai dawo ido, irin yadda gashin dawisu ke ƙyalli alhali ba rini ne ke ba shi launin ba. Jel ya kumbura tazara ta buɗe launi ya karkata wajen ja, ya tsuke ya koma wajen shuɗi. Sun gwada da dalma a ruwa sun kuma gwada da gulukos. Babu batir, idonka ne mita.

Daga nan ne mafarkin gilashin ido mai awon suga ya samo ƙarfi, ka manna a ido ka duba madubi ko ka ɗauki hoto da waya ka san suganka daga hawaye. Duk bayan 'yan watanni sai ka ga an watso irin wannan labarin a Facebook, wai an huta da tsira yatsa. Ni dai yanzu in na gani wucewa nake. Kamfanin Google da kansa ya shelanta nashi a farkon 2014, duk da nashi na lantarki ne ba mai canza launi ba, ya haɗa kai da kamfanin magunguna na Novartis, ga kuɗi ga ƙwararru, amma a Nuwamban 2018 suka fito suka ce sun dakatar, dalili kuwa sugan hawaye baya bin na jini yadda za a dogara da shi. Sugan hawaye kaɗan ne ƙwarai, kuma ya danganta da ko mutum ya yi kuka, ko iska ta bugi idon, ko gilashin ne ma ya sosa shi. Wanda ya san ƙurar hunturu ya san abinda ido ke yi. Duk kyan sensa, wato na'urar awon, in ruwan da take aunawa ba ya faɗin gaskiya, aikin banza ne.

Ko a ƙarƙashin fata ma inda ruwan ya fi bin jini, matsalolin jel suna nan. Wannan jel ɗin da ka koya wa jin suga bai manta da jin gishiri ba, bai manta da zafi ba, bai manta da tsami ba. Mutum ya yi zazzaɓi, ko gudawa ta zuƙe masa ruwan jiki, ko jininsa ya yi tsami kamar yadda ke faruwa da mai ciwon suga in abun ya yi tsanani, duk suna iya motsa jel ɗin, na'ura kuma ba ta san dalili ba, ita dai taga an kumbura. Shi yasa masu ƙira ke ajiye jel na biyu a gefe, irinsa sak amma ba a sa masa mai kama suga ba, sai a riƙa cire motsin wannan daga na wancan, a kuma ƙara ma'aunin zafi. Sai maganar jinkiri. Tanaka da Fillmore sun nuna a 1979 cewa lokacin da jel ke ɗauka ya kumbura yana tafiya ne da kaurinsa sau kaurinsa, wato in ka rage kauri sau 10 saurin zai ƙaru sau 100. Ƙaton jel sai ya yi sa'o'i bai gama amsawa ba, mai suga yana faɗuwa kuwa mintuna yake da su, ga shi dama ruwan ƙarƙashin fata na bin bayan jini da 'yan mintuna. Dole a yi shi siriri sosai, siriri kuma alamar da yake bayarwa ƙarama ce kuma saurin yagewa gare shi. Ka gyara nan can ya ɓaci.

Sannan ga jiki da kansa. Duk abinda ka cusa masa baƙo ne, furotin zasu fara manne masa tun a mintunan farko, ƙwayoyin garkuwa su taru suna fesa masa sinadarai masu ƙona abu, a ƙarshe jiki ya yi masa katanga da nama mai tauri ya raba shi da jini. Abun takaicin, feroksaid ɗin da garkuwar jiki ke fesawa yana yanke boronik daga jikin jel ɗin, wato makamin da aka zaɓa don baya mutuwa kamar enzayim shi ma yana da ajalinsa.

Shi yasa nake ganin wanda ya cancanci a yi ta labarinsa ba mai canza launin nan bane, Eversense ne na kamfanin Senseonics a Amurka, wanda ba shi da wani kyan gani. Ɗan sanda ne tsawonsa bai kai santimita 2 ba, likita ke ɗan tsaga fatar damtse ya tura shi ciki ya rufe. A jikinsa akwai haidirojel mai boronik biyu-biyu da aka haɗa da wani sinadari mai ƙyalli. Ɗan fitila a ciki na haska jel ɗin, in gulukos ya kamu ƙyallin ya ƙaru, wani ido na lantarki ya auna. A nan ba kumburi ake karantawa ba, haske ne, jel ɗin shi ne gidan da ke barin suga ya shiga ya fita. A saman fata ake manna wani ɗan faifai da ke ba shi wuta ba tare da waya ba, ya tura sakamako zuwa wayar hannu, in suga ya faɗi ya yi ta karkarwa a damtse ko wayar bata kusa. Ka duba abubuwan da suka ƙara don kawai jiki ya bar shi ya yi aiki: zoben silikon mai sakin maganin deksametason kaɗan-kaɗan don kwantar da kumburin nama, da shafen filatinam siriri don ya wargaza feroksaid kafin ya kai ga boronik. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 na kwana 90, a 2022 aka kai kwana 180, a 2024 aka amince da na shekara guda. Shekara 6 daga wata uku zuwa wata goma sha biyu, kuma kusan duk faɗan a kan ɗorewa ne. Har yanzu ma sai an riƙa tsira yatsa lokaci-lokaci ana daidaita shi, Gwaggo dai ba zata huta gaba ɗaya ba.

Wanda aka fi gani a wajenmu, a manyan kemis na Abuja da Kano ko a hannun wanda ɗan uwa ya aiko masa daga waje, shi ne FreeStyle Libre na kamfanin Abbott, farin faifan nan da ake mannawa a bayan damtse na kwana 14. Shi ma akwai haidirojel a zuciyarsa, amma na wani salo daban. Adam Heller na jami'ar Tekzas a Ostin ne ya ƙirƙiro jel mai ɗauke da ƙarfen osmiyam wanda ke kwaso lantarki kai tsaye daga enzayim zuwa siririn ƙarfen awo da ke cikin na'urar, ya kafa kamfanin TheraSense da ɗansa a 1996, Abbott ta saye shi a 2004 kan dala biliyan 1.2, Libre kuma ya fito a Turai a 2014. Tunda enzayim ne a ciki, zafi abokin gabarsa ne. A kwalin na Turai an rubuta a ajiye tsakanin digiri 4 zuwa 25. Yanzu ka tuna kwalin da ya kwana a bayan mota daga Legas, ya zo ya zauna a kanta a shagon da babu wuta a Sakkwato ko Maiduguri a watan da ake haura 40. In zaka saya, tsadarsa ma kaɗai ta isa ta sa ka tambayi mai shagon inda yake ajiyewa, kuma in lambar da ya nuna bata yi daidai da yadda kake jin jikinka ba, koma wa awon yatsa.

Akwai kuma maganar magunguna, wadda nake ganin ta fi shafarmu fiye da waɗanda aka ƙera wa na'urorin. Kowace sensa akwai abinda ke ruɗa ta. Takardar Libre 2 ta yi gargaɗi kan yawan shan bitamin C, fiye da miligiram 500 a rana na iya sa ya nuna suga ya fi yadda yake. Na kamfanin Dexcom ya yi gargaɗi kan haidiroksiyuriya, maganin da ake ba masu sikila, kuma ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Eversense kuwa, tunda da haske yake aiki, gargaɗinsa kan tetarasaikilin ne, yana iya sa ya nuna suga ya yi ƙasa alhali ba haka bane. Tetarasaikilin fa, kafson nan ja da yalo da ake saya a tire a tasha, wanda ciki na ɗan murɗawa mutum zai ɓalli biyu ya kora da fiya wata ba tare da ya tambayi kowa ba. Duk wanda ya manna ɗaya daga cikin na'urorin nan, ranar da zai je ganin likita ya kwashi duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su, har da na tashar.